Ina Sauran Hayaƙin Ya Tafi?

Duk shekara mu 'yan Adam muna tura iskar kabon kimanin tan biliyan 40 zuwa sararin sama. Mafi yawanta daga ƙona kwal da man fetur da iskar gas take fitowa, sai ta sare dazuzzuka da banka musu wuta, sai kuma ta masana'antun siminti. Wannan lissafin ba shi da wuya sosai, tunda ƙasashe suna rubuta yawan man da suka haƙo da wanda suka sayar. Inda gizo yake saƙa shi ne, idan masana suka auna iskar da ke sama a ƙarshen shekara, ba sa tarar da ƙarin tan biliyan 40 ɗin. Abin da suke tararwa bai cika rabi ba.

An fara wannan awo ba tare da yankewa ba a 1958, lokacin da wani masani Ba'amurke, Charles David Keeling, ya kafa na'urarsa a kan dutsen Mauna Loa na tsibirin Hawaii, nesa da hayaƙin birane. A wancan lokacin, cikin kowace ƙwayar iska miliyan ɗaya, kimanin 315 ne na kabon. Kafin zamanin injuna kimanin 280 ne. Yau an haura 420. Layin da awon ya zana yana hawa ne kamar haƙoran zarto: yana kai ƙololuwa wajen watan Mayu, ya sauko cikin watannin da dazuzzukan arewacin duniya suke fitar da ganye, sannan ya sake hawa idan ganyen ya zube ya fara ruɓewa. Tun daga nan aka ga cewa tsirrai suna da ƙarfin da za a iya gani a iskar duniya baki ɗaya. Da aka bi sawun rabin da ya ɓace, sai aka gano tekuna suna shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da muke fitarwa. Ragowar ta daɗe tana ba masana ciwon kai, har suka riƙa kiran ta ma'ajiyar da ta ɓata. Daga baya aka tabbatar tana doron ƙasa: dazuzzuka, ciyayi, dausayoyi, da turɓayar da muke takawa. Su ne suke ɗauke kimanin kashi 30 cikin ɗari na hayaƙinmu kowace shekara.

Yadda abin yake faruwa ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa sayen buhun gawayi. Ganye yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan yake zuƙo iskar kabon, ya haɗa ta da ruwan da saiwa ta ja da hasken rana, ya ƙera abincin da itace yake gina jikinsa da shi. Idan ka busar da itace ka ɗora a sikeli, kusan rabin nauyinsa kabon ne, kuma gawayin da ke cikin buhun nan shi ne kabon ɗin bayan an kore ruwa da sauran tarkace. Wato dai kukar da ke bakin kasuwar garinmu da iska aka gina yawancin jikinta. Abin da ganye da saiwa suka bari idan sun mutu yana shiga turɓaya, kuma kabon ɗin da ke cikin turɓayar duniya ya fi wanda ke cikin iska da tsirrai in an haɗa su.

To ga tambayar da ta dame mu. Alherin da ba mu roƙa ba, ba mu biya ba, amma aka daɗe ana yi mana, yaushe ne yake zama laifi mu dogara da shi?

A ce akwai wani magidanci da Allah ya haɗa da maƙwabci mai hannu sake. Kullum da magariba sai ga yaro da kwanon tuwo. Ba roƙa ya yi ba, ba su kuma ƙulla wata yarjejeniya ba. Watan farko yana godiya har da aika goro. Bayan shekara guda godiyar ta koma ta fatar baki. Bayan shekara biyar, idan ya je awo sai ya rage mudu biyu, don ya san kwano yana tafe. Bayan shekara goma ya yanke shawarar ƙara aure, kuma da ya zauna lissafin ko zai iya riƙe mata biyu, sai ya sa kwanon maƙwabci a cikin abin da ya kira samunsa. Ran da kwano bai zo ba, yunwa za ta kama gidan, shi kuma fushi zai kama shi, kamar an hana shi albashi.

A ina mutumin nan ya fara ɓata? Cin tuwon ba laifi ba ne. Ko rage awon ma muna iya yi masa uzuri, domin sabo yana shiga mutum bai sani ba. A ganinmu ɓatan ya fara ne ran da ya rubuta alherin wani a shafin guminsa, ya kuma ɗora sabon nauyi a kansa, nauyin da wasu ne za su ji a jikinsu idan lissafin ya rushe. Amaryar ba ta san da kwanon aka auro ta ba.

Duniya ta yi irin wannan, kuma ta yi shi a rubuce, da sa hannun ministoci. Tun yarjejeniyar Kyoto ta 1997 aka buɗe wa ƙasashe ƙofar su cire wani ɓangare na abin da dazuzzukansu suka shanye daga jimillar hayaƙin da suka fitar. A ƙa'idar rahoton da ƙasashe suke kai wa Majalisar Ɗinkin Duniya, duk kabon ɗin da ya shiga dajin da gwamnati ta ce tana kula da shi ana ƙirga shi a matsayin aikin mutane, ko da ba wanda ya dasa ko ɗan tsiro ɗaya a cikinsa. Masu bincike sun kwatanta waɗannan rahotanni da lissafin masana kimiyya, suka sami giɓin da ya haura tan biliyan 5 na iskar kabon a shekara, kuma babban dalilinsa shi ne wannan: abin da daji ya yi da kansa, an rubuta shi da sunan gwamnati. Bayan yarjejeniyar Paris ta 2015 ƙasashe da kamfanoni suka yi ta alkawarin ranar da hayaƙin da suke fitarwa zai yi daidai da wanda ake shanyewa. Mai karatu ya lura da kalmar daidai. Idan aka bari kowa ya sa aikin daji a nasa gefen sikelin, ana iya cika alkawarin a takarda alhali zafi yana ci gaba da ƙaruwa. Masanan da suka fara kafa wannan ra'ayi na daidaito, ciki har da Myles Allen na Jami'ar Oxford, sun fito a 2024 suna gargaɗin cewa lissafinsu na asali ya riga ya ware aikin daji da teku don share tsohon hayaƙi. Wanda ya sake sa shi don halatta sabo, ya sayar da akuya ɗaya sau biyu.

Dole mu yi adalci, akwai abin da ya ruɗe mu. Maƙwabcin namu ƙara girman kwanon ya riƙa yi. Abin da ƙasa take shanyewa a yau ya ninka na shekarun 1960 fiye da sau biyu. Yawan iskar kabon kanta taki ne ga ganye, yana sa ya yi saurin girma, ya kuma rage ruwan da yake zubarwa. A ƙasashen sanyi lokacin tsiro ya ƙara tsawo. Gonakin da aka bari a Turai da gabashin Amurka, da miliyoyin hektar da aka yi watsi da su bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, sun koma daji da ciyawa. Sin ta dasa itatuwa masu ɗimbin yawa. Duk lokacin da muka ƙara hayaƙi sai ƙasa ta ƙara buɗe baki, shekara sittin a jere. Wanda aka yi wa haka, in ya ɗauka dokar halitta ce, ba a ce masa mahaukaci ba.

Sai dai misalin kwanon tuwo ya yi mana sassauci da yawa, domin tuwo kyauta ne, in an ci an ci. A mu'amalarmu ta yau da kullum mun san bambancin kyauta da bashi da ajiya, kuma ko yaro ba ya rikita su. Kyauta ta tafi ke nan. Bashi yana da ranar biya. Ajiya kuwa kayanka ne a ɗakin wani. Ba su ɓace ba, ba su canza mai su ba, kuma lafiyarsu tana rataye da lafiyar ɗakin. Abin da itace yake yi da hayaƙinmu ajiya ne. Kabon ɗin yana nan, a kututture da saiwa da turɓaya, yana jiran gatari, ko gara, ko wuta, ko fari. Kowane itace yana numfashi dare da rana yana mayar da wani kaso, ƙwayoyin halittar da ke cikin turɓaya su ma suna ci suna fitarwa. Abin da muke kira shanyewa ɗan bambanci ne tsakanin ƙofofi biyu manya, ta shiga da ta fita, kuma ba ya buƙatar wani babban sauyi kafin ta fita ta rinjayi ta shiga. Zafi yana hanzarta ruɓewa. Fari yana sa ganye ya rufe ƙofofinsa don kada ya bushe, in ya rufe kuwa ba ya cin iska. Takin kabon ma yana da iyaka, don tsiro ba ya girma da shi kaɗai sai da ruwa da sauran sinadaran ƙasa.

Ga kuma inda abin ya fi nauyi. Kwal da man fetur su ma ajiya ne, amma ta ƙarƙashin duwatsu, wadda ta yi miliyoyin shekaru a kulle ba wuta ba gara. Mun fasa waccan taska, muka kwaso kayan, muka jibge a rumbun kara, sannan muka ce ai duk ajiya ce. Wani kaso na iskar da lita ɗaya ta fetur ta fitar zai kai dubban shekaru yana tasiri a sama. Itacen da aka ce ya biya ta, in ya yi sa'a ya kai shekara ɗari ko biyu. Kuma zafin da hayaƙin yake jawowa shi ne yake busar da rumbun. Mun ba mutum ajiya, muna kuma hura wuta a gindin ɗakinsa.

Ajiyar ta fara dawowa a wasu wurare, kuma an auna. A zafin da ya addabi Turai a 2003, tsirran nahiyar sun saki kabon da ya kai abin da suka tara cikin shekara huɗu. A Brazil, Luciana Gatti da abokan aikinta na hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasar sun yi amfani da ƙananan jiragen sama suna ɗebo iska a saman dajin Amazon daga 2010 zuwa 2018, kusan sau 600. Sakamakon da suka buga a 2021 ya nuna kudu maso gabashin dajin, inda sara da ƙuna da tsawon rani suka fi tsanani, yana fitar da kabon fiye da yadda yake shanyewa. Wani binciken na 2020, da ya bi diddigin itatuwa ɗaya bayan ɗaya a ɗaruruwan filaye a Afirka da Amazon, ya gano cewa ƙarfin shanyewar dazuzzukan da ba a taɓa ba ya kai ƙololuwa tun shekarun 1990, yana kuma raguwa saboda itatuwa suna mutuwa da wuri. Na Afirka sun fi na Amazon juriya, amma su ma sun fara nuna alama. A 2023 wuta ta cinye kimanin hekta miliyan 15 a Kanada, kuma kabon ɗin da ya tashi ya fi abin da kowace ƙasa take fitarwa daga mai da kwal a shekara, in ka cire Sin da Amurka da Indiya.

Labarin Finlan ne ya fi kama da na magidancinmu. Ƙasa ce da daji ya rufe kusan kashi uku cikin huɗu nata, ta kuma yi alkawarin kai wa daidaito a 2035, tana dogara da cewa dajin zai ci gaba da ɗauke mata kaso mai tsoka. Sai ga shi a lissafin 2021, filayen ƙasar gaba ɗaya sun koma masu fitarwa, saboda yawan sara, da raguwar girman itatuwa, da kabon ɗin da ke tashi daga dausayoyin da aka tsane. Ba wanda ya yi ƙarya. Kwanon ne kawai bai zo ba.

Kada a ɗauka muna cewa ƙasa ta daina aikinta. Har yanzu tana yi. Tana raunana a shekarun zafi da fari, kamar 2023, ta farfaɗo idan ruwa ya wadata. Amma daga 2023 zuwa 2024 iskar kabon da ke sama ta yi hawan da ba a taɓa gani ba a shekara guda tun da aka fara awo, kuma kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana tun 2021 cewa idan hayaƙi ya ci gaba da ƙaruwa, kason da ƙasa da teku za su iya ɗauka zai riƙa raguwa. Akwai kuma rumbuna biyu da ba a so a taɓa. Daskararriyar ƙasar Sibiriya da Alaska da arewacin Kanada tana riƙe da kabon kusan ninki biyu na wanda ke sama yanzu, kuma ta fara narkewa. A tsakiyar kwarin Kogin Kwango kuwa, a 2017 aka bayyana wani dausayi da ya fi Ingila faɗi, inda ruɓaɓɓen ganyen dubban shekaru yake kwance a ƙarƙashin ruwa da kabon kimanin tan biliyan 30. Ruwan ne murfinsa.

Tun ɗazu muna ta cewa mu, mu, kuma mai karatu a Gumel ko Tasawa yana da damar ya tambaya: mu su wa? Nahiyar Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin mai da kwal na duniya. Ɗan Nijar a matsakaici yana fitar da kimanin kashi ɗaya cikin goma na tan a shekara. Ba'amurke yana fitar da wajen tan 14. Kakanninmu sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a wannan harka karin maganar bai yi aiki ba, don wanda ya ja ruwan yana da rufin kwano. Duk da haka ba za mu janye kalmar mu ba. Ba mu muka ci yawancin tuwon ba, gaskiya ne, amma yanzu an fara ƙwanƙwasa mana ƙofa ana so mu zama maƙwabcin da zai riƙa aika kwanon, kuma wannan ya sa tambayar ta zama tamu fiye da kowa.

Busassun ƙasashe irin namu suna da matsayi a wannan lissafi fiye da yadda ake zato. Bincike ya nuna su ne suka fi juya adadin abin da ƙasa take shanyewa daga shekara zuwa shekara: a 2011, da ruwa ya sauka sosai a Ostareliya, ciyawa da ƙananan itatuwan jejinta sun taka babbar rawa wajen sa ƙasa ta shanye kabon fiye da yadda aka saba gani. Amma abin da ciyawa ta ɗauka da damina, rani da wuta da baki suna iya mayar da shi cikin shekara biyu. A 2023 wata tawaga ƙarƙashin Compton Tucker na hukumar NASA ta yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam ta ƙirga itatuwan busasshen yankin da ya tashi daga Tekun Atlantika zuwa Bahar Maliya, kowane da kansa. Sun sami kusan biliyan 10, ɗauke da kabon kimanin tan miliyan 840. Adadi ne mai ban sha'awa har sai ka ajiye shi kusa da wani: zallan kabon ɗin da duniya take ƙonawa a mai da kwal ya kai kimanin tan biliyan 10 a shekara. Ke nan duk gawo da kuka da aduwa da magarya da ƙirya da ke tsaye daga Senegal zuwa Sudan, abin da suka tara tsawon rayuwarsu bai wuce hayaƙin duniya na wata guda ba. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007 ya sa wa kansa burin ajiye kabon tan miliyan 250 nan da 2030. Shiri ne mai amfani ga gona da makiyaya, amma wanda ya ce mana shi ne zai wanke wa duniya hayaƙinta, wasa yake mana da hankali.

To me ya sa itatuwan suke da daraja, in ba don kabon ba? Manoman Maraɗi da Damagaram sun amsa wannan tun kafin a yi tambayar. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 gonaki sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da yashi. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura cewa 'yan dagwalgwalon tsiron da ake sassabewa duk shekara toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, waɗanda saiwarsu take da rai a ƙasa. In aka bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi aka datse sauran, cikin 'yan shekaru sai itace ya tashi, ba dashe ba ban ruwa. Aka kira shi sassaben zamani, ko da yake dabarar ba baƙuwa ba ce ga tsofaffi. Ta bazu daga gona zuwa gona, har masu bincike suka ƙiyasta ta rufe kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Ba wanda ya yi wannan don iskar sama. An yi ne don gawo yana zubar da ganye da damina, ya bar gero ya sha rana, ya takince ƙasar da ke gindinsa, ya ba dabbobi 'ya'ya da rani, ya kuma rage wa mata tafiyar neman itacen girki. Kabon ɗin da aka ajiye ya zo ne a bayan waɗannan, kamar gyara a kan ciniki.

Akwai wani ɓangare na labarin da ba a cika faɗa ba, shi ne kuma ya fi shafar tambayarmu. Tun dokar gandun daji da Faransa ta kafa a yankunan mulkinta na Afirka ta Yamma a 1935, itatuwa masu daraja sun zama a hannun hukuma, ko da a tsakiyar gonarka suke. In ka sare reshe, ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. Manomi ba wawa ba ne: itacen da ba nasa ba, wanda zai jawo masa tara, gara ya cire shi tun yana tsiro kafin a gan shi. Itatuwa sun dawo ne lokacin da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata cewa wanda ya rena nasa ne, yana iya datsa, yana iya sayarwa, yana iya sarewa ran da buƙata ta kama. Ikon sarewa shi ne ya sa aka bar su tsaye.

Yanzu a duba abin da kasuwar kabon take kawowa. Kamfanin jiragen sama ko na mai yana biyan kuɗi a ba shi takardar shaida cewa an ajiye tan kaza a wani daji ko wasu gonaki, shi kuma ya ci gaba da ƙona nasa yana cewa ya biya. Don takardar ta yi ma'ana, dole itacen ya tsaya shekara 20 ko 30, a wasu tsare-tsaren har 100. Ba ma raina kuɗin. Ga wanda damina ɗaya take yanke masa hukuncin shekara, ko kaɗan ne yana da amfani, kuma rashin adalci ne a ce manomi ya yi wa duniya aiki a banza don kawai mu masu rubutu mu ji daɗin cewa ba a sayar da komai ba. In an biya shi ladan abin da ya yi, a matsayin taimako ko diyya daga waɗanda suka ɓata yanayi, ba mu da ja. Matsalarmu da abin da takardar take halattawa a can, da abin da take haramtawa a nan. A can tana ba da izinin sakin kabon ɗin da ba zai koma ƙarƙashin dutse ba. A nan tana mayar da itacen manomi jingina ga bashin da bai ci ba, ta kuma dawo da mai duba daji, wannan karon da tauraron ɗan'adam maimakon doki. Tsakanin mai saye da manomi kuwa akwai dillalai da masu tantancewa da masu rajista, kowa da kasonsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. A Amurka ma an ga ƙarshen irin wannan ciniki a 2021, lokacin da gobarar daji a jihar Oregon ta cinye wani ɓangare na dajin da aka riga aka sayar da takardunsa ga manyan kamfanoni. Hayaƙin kamfanonin yana sama, na dajin ya bi shi.

Wannan ba ya wanke mu daga namu. Motocin gawayi da itace da ke shiga Kano da Kaduna da Yamai kullum ba Turawa ne suke loda su ba. Matar da ta koma murhu don kuɗin gas ya fi ƙarfinta ba ita ce abin zargi ba, kuma itacen girki ba ɗaya yake da fetur ba matuƙar wani itacen yana tashi a gurbin wanda aka sare, don kabon ɗin zagayawa yake yi. Amma inda ake tone har saiwa, ko a banka wa daji wuta don farautar gafiya, ko a yanka gandun daji a raba wa masu uwa a gindin murhu, mu ma mun ci ajiyar da ba mu muka tara ba, kuma jikokinmu ne amaryar da ba a gaya wa ba. Tarihin baka ya riƙe cewa Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani a kan saran gawo. Bai san kalmar kabon ba. Ya san dai abin da gona take zama idan gawo ya tafi.

Don haka idan wata rana baƙi suka zo ƙofar mai gari da takarda da alƙalami, suna maganar itatuwan gonakinmu da kuɗin da za a riƙa turowa ta waya, akwai tambayoyin da suka cancanci a yi kafin a dangwala yatsa. Wa zai ƙona mai da sunan wannan gawon? Nawa aka sayar da tan ɗaya a can, nawa ya iso nan? In ɗan mai gona ya gaji gonar yana so ya sare biyu ya yi rufin ɗaki, izinin wa zai nema? Sannan babbar: in fari ya kashe itatuwan kafin wa'adi, wa zai biya? Yarjejeniyar shekara 30 ake magana, a ƙasar da manyan fari biyu, na 1973 da na 1984, suka faɗo tsakanin shekara goma sha ɗaya kacal.